Tambayoyinku: Jirgin Sama Haɗin Gida

Wasiƙun da suka taru a wannan wata sun karkata ga batu guda, wato ƙananan jiragen sama da mutane ke haɗawa da hannunsu a gida, su kuma tashi da su. Na zaɓi guda huɗu na taƙaita su saboda ƙarancin wuri. Ta farko ce ta fi cin lokacina, domin irinta ta fi yawa a cikin abin da ke iso mini, kuma masu rubuta ta mutane ne da nake ganin girmansu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai walda ne a Dilimi, cikin garin Jos, na kai shekara goma sha biyar a wannan sana'a. Na daɗe ina kallon Turawa a YouTube suna haɗa jirgi a garejin gidansu, su fito da shi su tashi. Ina da injin wata tsohuwar Golf mai lafiya, ina da bututun ƙarfe da fallayen alminiyom, har na fara zana fasalin jirgin a takarda. Don Allah a gaya mini tsawon fiffiken da zan yi da girman farfelar da za ta dace da wannan inji.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam mai walda. Allah Ya ƙara wa sana'a albarka. Ba zan ba ka awon fiffike ko na farfela ba, kuma ina roƙonka ka karanta dalilina har ƙarshe kafin ka yi fushi da ni.

Abin da kake gani a waɗannan bidiyoyi, mafi yawansa ba ƙirƙira ba ce, haɗi ne. Mutumin da ke garejin ba shi ya zana jirgin ba. Akwai kamfanin da injiniyoyinsa suka zana shi, suka lissafa nauyin da kowane ƙashi na fiffike zai ɗauka, suka ƙera na gwaji suka yi masa lodin buhunan yashi har suka ga inda zai lanƙwashe, suka tashi da shi sa'o'i masu yawa, sannan suka fara yanka sassansa suna zubawa a akwatunan katako suna aika wa masu saye tare da zane da littafin umarni. Mafi shahara a cikin waɗannan kamfanoni shi ne Van's Aircraft da ke jihar Oregon a Amurka, wanda Richard VanGrunsven ya kafa a farkon shekarun 1970, kuma jiragensa masu suna RV sama da dubu goma ne aka kammala aka tashi da su a duniya. Akwai Zenith a jihar Missouri, akwai kuma Sling a kusa da Johannesburg, a ƙasar Afirka ta Kudu.

Kada ka ɗauka abin ya yi mana nisa. A nan Kaduna aka taɓa yin sa, kuma da yawa. Jirgin Air Beetle da rundunar sojojin saman Najeriya ta yi shekaru tana koya wa sababbin matuƙanta tashi da shi, wanda aka fara nunawa a 1989, asalinsa RV-6A ne na Van's. An sayo kayan haɗi na jirage 60, aka yi musu 'yan gyare-gyare, ma'aikata 'yan ƙasar nan suka haɗa su. Saboda haka duk wanda ya ce maka hannun ɗan Najeriya ba zai iya wannan aiki ba, bai san tarihi ba. Amma ka lura da yadda sojojin suka yi, duk da suna da injiniyoyi da kuɗin gwamnati: ba su fara da farar takarda ba, sun ɗauki zanen da aka riga aka gwada.

Bari in kai ka kusa da aikin ka ga yadda yake. Jikin irin wannan jirgi fallen alminiyom ne marar kauri, wani wurin bai kai kaurin milimita ɗaya ba, kuma ba a yi masa walda. Ana ɗinke shi ne da ƙananan ƙusoshi da ake kira ribet, waɗanda a jirgi guda na RV sukan haura dubu goma. Kowane rami sai an huda shi daidai da awo, a kankare bakinsa don kada wani ɗan tsini ya zama mafarin tsagewa, a lotsa shi yadda kan ƙusar zai kwanta daidai da fata. Sannan mutum biyu su tsaya, ɗaya a waje da bindigar iska, ɗaya ya cusa hannu a ciki yana tokare gindin ƙusar da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi, sau da yawa ba tare da yana ganin abin da yake yi ba, sai dai ya ji a tafin hannunsa. Idan an gama, gindin ƙusar da ya baje dole faɗinsa ya zama kamar ɗaya da rabi na kaurinta, tsayinsa kuma kamar rabin kaurinta, akwai ɗan ma'auni da ake ɗorawa a duba. Wadda ta karkace ko ta baje fiye da kima, a huda ta a cire a sa wata. Ina tuna lokacin da nake koyo, na yi yini guda ina cire jere ɗaya da na buga da safe, domin maigidana ya bi shi da yatsa ya ce uku daga ciki sun kwanta gefe, kuma tun da hannuna ne ya buga sauran bai yarda da su ba. Na ji zafin abin a ranar, amma har yau da haka nake duba aikin yara.

Akwai jiragen da ake yi wa gangar jiki da bututun ƙarfe a lulluɓe da yadi, irin su Kitfox, kuma nan ne sana'arka za ta fi amfani. Sai dai ƙarfen ba bututun ruwa ba ne, ba kuma wanda kake yin ƙofa da tagogi da shi ba. Wani gami ne mai lamba 4130, mai ƙarfi ƙwarai ga rashin nauyi, bangonsa siriri ne har waldar lantarki irin ta kasuwa za ta iya huda shi ko ta bar shi da rauni a ciki inda ido ba ya gani. Yadin ma na musamman ne, ana manna shi sannan a bi shi da dutsen guga mai awon zafi har ya ɗaure kamar fatar ganga. Noti da kusoshi masu zare kuwa kowanne yana da lambarsa, ana ɗaure shi da sifana mai awo, a kulle shi da waya don kada girgiza ta kwance shi.

Sai maganar inji, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Injin mota a kan hanyar Jos zuwa Bauchi ɗan kaɗan daga ƙarfinsa yake amfani da shi, sai lokacin hawan tudu ko wuce wata mota. Injin jirgi kuwa yana tashi da dukkan ƙarfinsa, sannan ya zauna a kan kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na ƙarfin nan tsawon sa'o'i ba sassauci. Farfela ba ta son gudun da ya wuce kimanin juyi 2,700 a minti, alhali injin mota sai ya yi ninkin haka kafin ya ba da cikakken ƙarfinsa, don haka sai an sa giya a tsakani, giyar kuma ita kanta aikin injiniya ce mai wuya saboda yadda girgizar inji da ta farfela ke karo da juna. Injin jirgi yana da fulogi biyu a kowace silinda da hanyoyin wuta biyu masu zaman kansu, domin in ɗaya ta mutu ɗayar ta riƙe. Ga kuma nauyi: ƙaramin jirgi irin Zenith CH 701 gaba ɗayansa, da injinsa da tayoyinsa, bai kai kilo 300 ba in babu mutum da mai. Auna injin Golf ɗinka da lagireto da ruwansa ka ga abin da zai rage wa sauran jirgin. Gaskiya ne akwai masu mayar da injin mota na jirgi, musamman tsohon injin Volkswagen mai sanyaya kansa da iska, amma su ma kamfanoni ne suka sake masa fasali suka gwada.

Na san za a kawo mini misalin 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, masu gyaran keke na Amurka da suka ƙera jirgi mai inji suka tashi da shi a ranar 17 ga Disamba 1903. Haka ne, masu sana'ar hannu ne kamarka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a 1901 sun ƙera akwatin hura iska suka gwada siffofin fiffike kusan ɗari biyu suna rubuta sakamako, kuma sun yi shekaru suna koyon sarrafa jirgi marar inji kafin su ɗora masa inji. Tashin farkon ma daƙiƙa 12 ya yi.

Shawarata ita ce ka ajiye injin Golf ya ci gaba da zama na mota. Idan da gaske kake, kamfanin Van's yana sayar da ɗan kayan koyo, akwatin ajiye kayan aiki da wani ɗan yankin fiffike, waɗanda ake haɗawa da irin ƙusoshin da na bayyana, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba in an kwatanta da jirgi. Ka fara da wannan. Hannun da ya yi shekara goma sha biyar yana walda zai koyi aikin da wuri fiye da na ɗan boko, abin da zai yi maka wuya kawai shi ne ka bi zanen wani ba tare da ka ce bari in ƙara masa ƙarfi a nan ba. Ƙarin ƙarfe a wurin da ba a ce ba yana ƙara nauyi, yana kuma tura wahalar zuwa wani wurin da ba a shirya mata ba.

Tambaya: Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne a Abuja, ina zaune a Gwarinpa, saura mini shekara uku in yi ritaya. Tun ina yaro nake sha'awar jirgi. Shin doka ta yarda mutum ya shigo da irin wannan kaya ya haɗa? Kuma nawa zan tanada?

Amsa: Alhaji, Allah Ya kai mu lokacin lafiya. Ka yi tambayar a kan gaɓa, domin wannan aiki takarda ce farkonsa, ba akwati ba.

A Amurka, inda abin ya fi bunƙasa, doka ta ware wa irin waɗannan jirage aji na musamman na gwaji, da sharaɗin cewa mai shi ne ya yi mafi yawan aikin da hannunsa don ilimi ko nishaɗi, abin da suke kira ƙa'idar kashi 51. Suna da ƙungiyar masu haɗa jirgi mai suna EAA da aka kafa a 1953, wadda ke taro kowace shekara a garin Oshkosh, kuma tana da tsofaffin masu haɗi da ke zuwa gareji su duba aikin sabon shiga. Wannan shi ne gatan da ba mu da shi a nan, kuma rashinsa ya fi rashin kuɗi tsanani.

A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ce ke da iko kan rajistar jirgi, da shaidar lafiyarsa, da lasisin matuƙi, a ƙarƙashin dokar sufurin jiragen sama ta 2022 da ƙa'idojin da ta sabunta a 2023. Babu jirgin da ke da izinin tashi ba tare da lambar rajista ba, tamu kuwa tana farawa da 5N. Jirgin da ba na haya ba yana bukatar izinin tashi na ƙashin kai wanda ake kira PNCF, ga inshora, ga izinin shigo da jirgi daga ma'aikatar sufurin sama, ga kwastan. Abin da zan ce ka yi, tun da kana Abuja kuma ka san yadda fayil ke tafiya, shi ne ka rubuta wa sashen kula da lafiyar jirage na hukumar wasiƙa, ka faɗi sunan jirgin da kake so da kamfaninsa da injinsa, ka nemi a gaya maka a rubuce wane irin shaida za a ba shi, wa zai duba aikin, kuma a wane mataki. Kada ka biya ko sisin kwabo sai amsar tana hannunka. Jami'in dubawa yana bukatar ya ga cikin fiffike kafin a rufe shi, kuma idan ka rufe ba tare da an gani ba, kana iya wayar gari da jirgi kammalalle wanda ba mai sa masa hannu. Ka kuma buɗe littafi tun ranar farko, kana rubuta kwanan wata da aikin da ka yi da sa'o'in da ya ci, kana ɗaukar hoto kana cikin aikin, kana adana rasidin kowane noti.

Kuɗi kuwa, kuskuren da aka fi yi shi ne a ga farashin kayan haɗi a shafin kamfani a ɗauka shi ne kuɗin jirgi. Wannan gangar jiki ce kawai. Inji daban, kuma sabon injin jirgi ƙirar Rotax mai ƙarfin doki 100 ya haura dala 20,000. Farfela daban, na'urorin gaban matuƙi da rediyo daban, fenti, kujeru, kayan aiki, kwamfuresa da wutar da za ta juya shi. Masu haɗi sukan yi kiyasin cewa kayan jiki kamar kashi ɗaya ne cikin uku na abin da za a kashe. Jirgin RV da aka kammala da sabon inji a yau yakan wuce dala 100,000 a can inda aka yi shi, kafin a zo maganar kwantena zuwa Legas da mota zuwa Abuja da canjin naira. Irin su Zenith sun fi sauƙi, amma ba su zama araha ba. Sauƙin da ke ciki shi ne ana sayen kayan kashi-kashi, a fara da wutsiya, wadda ita ce mafi arha kuma a kanta ake koyo, sannan fukafukai, sannan gangar jiki. Wannan tsari yana da nasa haɗarin, domin ko Van's, duk da girmansa, ya shiga matsalar kuɗi a ƙarshen 2023 har ya nemi kariyar kotu ya kuma ƙara farashi kafin ya farfaɗo, kuma masu jiran kashi na gaba sun ji a jikinsu.

Lokaci ma kuɗi ne. Jirgin RV na yau da kullum yana cin sa'o'i 1,500 zuwa 2,000 ko fiye, wato idan kana ba shi sa'a biyu kowace rana ba fashi, shekara biyu zuwa uku ke nan, kuma da yawa sukan kai biyar. Amma kafin duk wannan, Alhaji, ka je ka koyi tuƙi. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya tana nan tun 1964, akwai wata a Ilori. Lasisin matuƙi mai zaman kansa yana bukatar aƙalla sa'o'i 40 a sama da gwajin likita na ido da zuciya da hawan jini. Ka fara da likitan tun yanzu, domin a shekarunmu shi ne ke yanke hukunci, kuma gara ka ji sakamakon kafin wutsiyar jirgi ta iso falonka.

Tambaya: Malam, ɗana injiniya ne, yana aiki a Abuja, ya ce shi da abokansa uku za su haɗa kuɗi su sayo kayan jirgi su haɗa. Tun da ya faɗa mini ban yi barci mai daɗi ba. Don Allah ka gaya mini gaskiya, abin nan ba halaka ba ne? Daga wata uwa a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Hajiya, Allah Ya raya miki shi, Ya kwantar miki da hankali. Kin nemi gaskiya, ga ta. Jirgin haɗin gida ya fi na kamfani haɗari. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta yi nazari a 2012 ta gano cewa irin waɗannan jirage kusan kashi 10 cikin ɗari ne na ƙananan jiragen ƙasar, amma a 2011 su ne ke da kimanin kashi 15 na haɗurra da kashi 21 na waɗanda aka rasa rai. Ba zan ɓoye miki wannan ba.

Sai dai binciken ya nuna inda haɗarin ya taru, kuma wurare ne da ake iya tsarewa. Ba fiffike ne ke ɓallewa a sama ba, kamar yadda zuciya ke raya wa uwa. Mafi yawa inji ne ke tsayawa, sau da yawa saboda mai bai iso masa yadda ya kamata ba, ko kuma matuƙi ya kasa sarrafa jirgin da bai saba da shi ba, kuma kaso mai yawa yana faruwa ne a sa'o'in farko, ko dai na sabon jirgi ko na sabon mai shi. Akwai wani shahararren mawaƙi na Amurka da ya rasu a 1997 a gaɓar tekun Kalifoniya cikin jirgin haɗin gida da bai daɗe da saye ba. Wanda ya haɗa jirgin ya sauya wurin makunnin da ke juya mai daga tanki zuwa tanki, ya mayar da shi bayan kafaɗar matuƙi ta hagu maimakon inda zane ya ce, kuma masu bincike sun kammala cewa juyawar da ya yi don ya kai hannu gare shi ce ta sa jirgin ya kuɓuce masa. Ƙwararren matuƙi ne, jirgin kuma zanensa mai kyau ne.

Saboda haka maimakon ki hana shi, wanda mai yiwuwa ba zai hanu ba, ki zaunar da shi ki yi masa tambayoyi, kina da wannan haƙƙi. Ki tambaye shi wane injiniyan jirgi mai lasisi ne zai riƙa duba aikinsu, ba abokinsu ba, wanda zai iya ce musu ku kwance. Ki tambaye shi ko za su ɗora jirgin a kan sikeli su auna nauyinsa da inda tsakiyar nauyin ta faɗa, domin jirgin da nauyinsa ya koma baya yakan ɗaga hanci ya ƙi saukewa. Ki tambaye shi gwajin mai: ana ɗaga hancin jirgi a ƙasa kamar yana hawa, a cire tiyo daga inji, a auna da agogo ko man da ke zubowa ya kai ɗaya da rabi na abin da injin ke sha a cikakken ƙarfi, in mai yana gangarowa ne da kansa. Sannan babbar tambaya, wa zai yi tashin farko. Amsar da ta dace ita ce matuƙin da ya riga ya saba da irin wannan jirgi, shi kaɗai, da sassafe, iska a kwance, yana kewaya saman filin jirgi. Wanda ya yi shekara uku yana haɗa abu da hannunsa ba shi ya kamata ya fara tashi da shi ba, domin a lokacin da ya kamata ya sadaukar da jirgin ya tsira da ransa, zuciyarsa za ta so ta ceci jirgin. A Amurka ba a yarda a ɗauki fasinja na yawo ba sai an kammala zangon gwaji, wanda bisa al'ada sa'o'i 25 ne ko 40 gwargwadon irin injin, a wani yanki da aka keɓe.

Idan ya amsa waɗannan ba tare da ɓata rai ba, ki sa masa albarka. A 2019 wasu matasa 'yan makaranta a Afirka ta Kudu sun haɗa jirgin Sling mai kujeru huɗu a ƙarƙashin kulawar ƙwararru, aka tashi da shi daga Cape Town har Alƙahira. Haɗin gwiwar mutum huɗu ma ina ganin alheri ne, muddin sun rubuta yarjejeniya, domin ido takwas sun fi biyu ganin notin da aka manta.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos. Na ji an ce jirgi yana shan wahalar tashi a Jos fiye da Abuja, gaskiya ne? Kuma an ce waɗannan ƙananan jirage suna shan fetur na gidan mai.

Amsa: Ɗana, duka biyun gaskiya ne, amma kowanne da bayani. Filin jirgin Jos, wato na Yakubu Gowon da ke Heipang, yana kan tsayin ƙafa 4,200 da 'yan kai daga teku, na Abuja kuwa ƙafa 1,100 da ɗoriya. Iska tana raguwa da tsayi, zafi kuma yana ƙara sirantar da ita. A ma'aunin da ake lissafin jirage da shi, zafin da ake sa ran samu a tsayin Heipang bai wuce digiri 7 ba. Idan rana ta take a watan Maris ya kai 30, bambancin digiri 23 ne, kowane digiri kuma yana ƙara kamar ƙafa 120, sai jirgin ya ji kamar yana kan ƙafa 7,000. Injin da ba shi da na'urar cusa iska yana rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa dubu, ka ga kashi ɗaya cikin biyar ya tafi tun jirgi bai motsa ba, fiffike da farfela su ma suna kama iska kaɗan. Titin Heipang dogo ne, ba a nan matsalar take ba. Tana wajen hawa bayan an tashi, ga duwatsun Shere da suka kai kimanin ƙafa 6,000 a gabashin gari. Wanda zai ajiye jirgi a Filato ya zaɓi inji mafi ƙarfi da zanen ya yarda da shi, ya rage kaya, ya tashi da sanyin safiya. Ya kuma sani cewa daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan rufe gari har a kasa ganin kilomita biyar ɗin da tuƙi da ido ke bukata, a farkon damina da ƙarshenta kuma hadari yakan taso da guguwa, wani lokaci da ƙanƙara, wadda ke lotsa fallen alminiyom ko jirgi yana ajiye a waje. Rahoton hukumar hasashen yanayi, NiMet, ba abin tsallakewa ba ne.

Mai kuwa, abin da ke cike a filayen jiragenmu shi ne Jet A1, dangin kananzir, na manyan jirage, kuma in aka zuba shi a injin fetur injin zai lalace. Fetur na jirgi, mai launin shuɗi da ake kira 100LL, yana da wuyar samu a ƙasar nan ga tsada. Shi ya sa injin Rotax 912, da ake ƙerawa a Austiriya, ya dace da mu, domin an yi shi ne ya sha fetur na mota. Amma mai ƙarfin doki 100 yana bukatar fetur mai lambar oktan, wato ma'aunin ingancin fetur, 95 ko sama, mai doki 80 kuwa yana karɓar 90, kuma ba a gane lambar da ido ko da hanci, sai an kai samfur ɗakin gwaji. Ka tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin methanol ya lalata motoci a Legas da Abuja. Mai mota ya gangara gefen titi ya kira bakanike. Fetur na mota yana kuma saurin zama tururi a cikin tiyo idan zafi da tsayi suka haɗu, abin da ke yanke wa inji mai, kuma Jos da rana ta haɗa duka biyun.

Sai ruwa. Sanyin daren Jos yana sa raɓa ta taru a cikin tankin da ba a cika ba, ta gangara ƙasa domin ta fi mai nauyi. Akwai ɗan famfo a ƙasan kowane tanki, kuma kafin kowane tashi matuƙi yana tara ɗan kofi mai haske ya tsiyayi kaɗan ya ɗaga shi ga hasken rana. Na taɓa tsiyayar man da aka kawo a jarka daga wani gidan mai da muka saba saye, sai ga ƙwayoyin ruwa suna birgima a gindin kofin kamar ƙananan duwatsun wuya. Na zubar na sake tara, na sake, sai a kofi na biyar ya fito tas. Ranar ba mu tashi ba, mun zazzage tankunan biyu muka tace man da mazurari mai raba ruwa, tun daga lokacin kuma kowace jarka sai ta kwana a ajiye an duba gindinta kafin a kai ta kusa da jirgi.